Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Asibitoci Da Hukumomin Lafiya Kan Iyalan Da Ake Sallamar Majinyatansu Ba Tare Da Jagora Ba

Zuwa ga shugabannin asibitoci, da manyan likitoci, da shugabannin ma'aikatan jinya, da jami'an ma'aikatun lafiya da na walwalar jama'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, tare da yaba irin ɗawainiyar da kuke yi da marasa lafiya dare da rana, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a madadin wasu mutane da kuke gani kullum a barandar asibiti, amma babu sunansu a cikin kowane fayil. Su ne 'ya'ya da matan aure da magidanta da 'yan'uwa waɗanda ake damƙa wa majinyaci ranar sallama, su tafi da shi su ci gaba da jinyar da ba a san ranar ƙarewarta ba. Ina kuma magana da yawun majinyatan kansu, wato tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu, da manyan mutanen da haɗari ko cuta ta bari da nakasa, waɗanda sau da yawa ake yanke shawara a kan rayuwarsu suna kwance suna saurare, ba tare da an waiwaye su ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami sakaci ne guda ɗaya wanda ya daɗe har ya zama kamar tsari. Idan an gama maganin da ya kawo mutum asibiti, kuma ana buƙatar gadonsa, sai a rubuta takardar sallama da jerin magunguna da ranar dawowa ganin likita, shi ke nan. A cikin kwana ɗaya ko biyu sai iyali su tsinci kansu a gaban tambayoyin da amsarsu za ta shafi shekaru masu yawa: ina wannan mutum zai zauna, wa zai riƙa juya shi da dare, wa zai bar aikinsa, kuma da wane kuɗi? A asibitoci da yawa babu wani ma'aikaci guda da za a nuna a ce aikinsa ne ya zauna da iyali su warware waɗannan tambayoyi. Likita yana ganin ya yi nasa, ma'aikaciyar jinya tana da wasu gadaje masu jiran ta, jami'in walwala kuwa, inda ma akwai shi, ba a cika tunawa da shi ba sai an zo maganar kuɗin da aka kasa biya.

Wannan matsala ba ta gidaje ƙalilan ba ce, kuma ƙaruwa za ta yi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a shekarar 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, sannan biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu za su kasance ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Masu shekara 80 zuwa sama, waɗanda su ne suka fi buƙatar a riƙe su, ana sa ran za su ninka sau uku tsakanin 2020 da 2050, su kai miliyan 426. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tsanani. Da yawa daga cikin waɗannan mutane ta ƙofar asibiti suke shiga wannan sabuwar rayuwa, don haka a ƙofarku ne ya kamata jagora ta fara.

Kokenmu na farko shi ne ba a faɗa mana haƙiƙanin halin da majinyacinmu yake ciki da harshen da za mu iya aiki da shi. Idan aka ce "ya samu sauƙi", ma'anarta a wurin likita ita ce hawan jini ya sauka ko zazzaɓi ya tafi. A wurin iyali kuwa tambayar daban ce. Shin zai iya wanka da kansa? Zai iya sa tufafi? Zai iya zuwa banɗaki? Zai iya tashi daga gado ya koma kujera? Yana iya riƙe fitsari da bayan gida? Zai iya kai abinci baki? Waɗannan abubuwa shida ba ni na ƙirƙiro su ba. Su ne ma'aunin da likitan nan Sidney Katz da abokan aikinsa suka fitar tun 1963, kuma ɗaliban aikin jinya suna karanta shi. A 1969 Lawton da Brody suka ƙara wani ma'aunin na ayyukan da suka fi waɗannan sarƙaƙiya, irin su shan magani a kan ƙa'ida, da riƙe kuɗi, da amfani da waya. Cika irin wannan takarda ba ya cin lokaci mai yawa, amma ita ce ke bambance mutumin da taimakon awa biyu da safe zai wadatar da shi da wanda ba za a iya barinsa shi kaɗai ko na ɗan lokaci ba. Iyalin da ba a nuna musu wannan bambanci ba, ko dai su kashe abin da suke da shi a kan kulawar da ta wuce buƙata, ko su bar mutum shi kaɗai a gida da tunanin zai iya, sai a dawo a tarar da shi a ƙasa. Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce: tana kashe kimanin mutum 684,000 a duniya kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

Haka kuma ba a faɗa mana inda cutar ta dosa. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yakan sami mafi yawan farfaɗowarsa ne a watanni uku zuwa shida na farko, saboda haka duk makon da ya wuce ba tare da gashi da motsa jiki ba asara ce da ke da wuyar mayarwa. Mai ciwon mantuwa kuwa hanyarsa gangara ce: tsarin da ya dace da shi bana ba lallai ya dace da shi baɗi ba, kuma masu wannan ciwo sun haura miliyan 55 a duniya, ana samun sababbi kusan miliyan 10 kowace shekara. Matashin da lakarsa ta taɓu zai iya rayuwa shekaru masu yawa a kan keken guragu da cikakken hankalinsa, abin da yake nema shi ne gidan da zai iya shiga da fita, da hanyar komawa sana'a. Mutum uku ke nan da buƙatu uku mabambanta, amma takardar sallamarsu kusan iri ɗaya ce.

Koke na biyu shi ne ba a shimfiɗa mana zaɓin da ake da shi. Yawancin iyalai suna zaton hanya biyu ce kawai: ko a riƙe mutum a gida komai wuya, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi a koma ana jin nauyin an yar da shi. Alhali tsakanin waɗannan biyun akwai matakai da dama. Akwai jinya a gida tare da ma'aikaciyar jinya mai kawo ziyara don wankin ciwo da duba robar fitsari. Akwai ɗaukar mai kula da ake biya na wasu awoyi ko na kwana. Akwai cibiyoyin yini, inda ake kai tsoho da safe a ɗauko shi da yamma, don mai jinyarsa ya samu zuwa aiki. Akwai zaman ɗan lokaci a cibiyar farfaɗo da jiki kafin a koma gida. Akwai karɓar majinyaci na 'yan kwanaki domin mai jinya ya huta ko shi ma ya nemi magani. Akwai kuma kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ga wanda cutarsa ba ta warkewa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kacal na masu buƙatarta suke samu. Na san ba kowane wuri ne yake da duk waɗannan ba, wasu wuraren ma babu ko ɗaya sai gida. To ko hakan ma a faɗa mana ƙarara, domin iyalin da suka san babu wata cibiya da za ta karɓe su za su zauna tun wuri su raba aiki a tsakaninsu, maimakon su ɓata makonni suna neman abin da babu.

Koke na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne ana miƙa mana aikin ƙwararru ba tare da an koya mana ba. Lokacin da aka sallami mahaifiyata bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki, an ba mu magunguna, an ce mu kula da ita sosai, mun kuwa yi godiya muka tafi. Babu wanda ya gaya mana cewa wannan ciwo yakan taɓa haɗiya, har abinci ko ruwa ya riƙa zarcewa huhu ya haifar da ciwon huhu, balle a nuna mana cewa a zaune ake ba ta abinci, kaɗan-kaɗan, kuma a bar ta a zaune na ɗan lokaci bayan ta gama. Babu wanda ya ce a riƙa juya ta kamar kowace awa biyu, a riƙa duba ƙugu da ƙasan baya da diddige, inda gyambon kwanciya yake fara fitowa da ɗan jan da ba ya gushewa idan an danna. Ba a jima ba muka koma asibiti da tari da zazzaɓi da ciwo a bayanta, ta sake kwanciya a gadon da aka yi gaggawar karɓa daga gare ta, kuma zaman na biyu ya fi na farko tsawo. A wannan karon ne wata ma'aikaciyar jinya, don kirkinta kawai, ta tsaya bayan ta tashi aiki ta nuna mini yadda ake mirgina mutum da zanin gado ba tare da an ja masa hannun da ya shanye ba, da inda ake sa matashin kai tsakanin gwiwoyi. Abin da ta koya mini bai kai awa guda ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa irin wannan darasi zai dogara da sa'ar haɗuwa da mai kirki, maimakon ya zama sharaɗin sallama? Asibiti ma riba zai ci, domin gadon da majinyaci ya dawo ya sake cikawa saboda ciwon da ake iya kaucewa, gado ne da aka hana wani.

Koke na huɗu ya shafi mai jinya. Idan kuka rubuta cewa "iyali za su kula da shi", a zahiri mutum ɗaya kuke nufi ko da ba ku sani ba, kuma galibi mace ce. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kashi 76.2 cikin ɗari na dukkan awoyin aikin kulawa da ba a biya, kuma a jinyar masu ciwon mantuwa ma kusan kashi 70 na awoyin a wuyansu yake. Wata tana da ƙananan yara, wata ita kanta ta manyanta tana fama da ciwon baya ko ciwon suga, wata kuma aikinta ne yake ciyar da gidan. Ba a tambayar ta ko za ta iya ɗaga mutumin da ya fi ta nauyi, ko tana samun barci, ko akwai mai karɓar ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma haka ake barin ta har ta durƙushe, a wayi gari majinyata sun zama biyu. A Ingila, dokar kulawa ta 2014 ta ba mai jinya 'yancin a auna tasa buƙatar daban da ta majinyaci, wanda hakan amincewa ce da cewa tsarin kulawa ba ya tsayuwa idan mai riƙe da shi ya faɗi.

A nan ne kuma ya wajaba a taɓo maganar da ba a son faɗa, wato cin zarafin tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin al'umma ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kama daga tsawa da wulaƙanci zuwa sakaci da cinye dukiya. A gidajen kula da tsofaffi kuwa, biyu cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu makamancin haka a cikin shekara. Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa babu zaɓin da yake tsira ne don kansa. Gida ba ya zama mafaka idan mai jinya ya gaji har ya fita hayyacinsa, cibiya ma ba ta zama mafaka don tana da kyakkyawan gini. Iyali suna buƙatar a koya musu abin dubawa: ma'aikata nawa ne ke kwana da mutum nawa, ana barin dangi su zo ba tare da sanarwa ba, ana ɗaure masu ruɗewa ko ana ɗirka musu maganin barci don a huta, wace hukuma ce ta ba wurin lasisi, kuma wa ake kai wa ƙara. Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, ba zai san ya yi waɗannan tambayoyi ba.

Koke na biyar shi ne shi mai jikin ba a jin ta bakinsa. Sau nawa ake tsayawa a kan gadon dattijo mai cikakken hankali ana tattauna inda za a kai shi kamar ba ya wurin? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a Disamban 2006 ta kuma fara aiki a Mayun 2008, ta faɗa a sashe na 19 cewa mai nakasa yana da 'yancin zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, kuma ba za a tilasta masa wani tsarin zama ba. Sashe na 12 kuma ya tanadi a taimaka masa ya yanke shawara da kansa. Rashin iya magana sosai bayan shanyewar jiki ba rashin hankali ba ne, haka ma rashin ji. Ko mai ciwon mantuwa, a farkon ciwon yana iya faɗin abin da yake so da wanda ya amince ya tsaya masa a kan lafiyarsa da dukiyarsa. Idan aka bari lokacin ya wuce, sai 'ya'ya su koma jayayya kowa yana cewa shi ya san abin da mahaifi yake so. Likitan da ya fara gano ciwon shi ne ya fi kowa damar buɗe wannan magana, kuma iyali sun fi karɓar ta daga bakinsa.

Ban manta da halin da kuke ciki ba. Na san ma'aikata sun yi ƙaranci, gadaje ba sa isa, kuma biyan kuɗin kulawa ta dogon lokaci ba a hannun shugaban asibiti yake ba. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni sai da suka kafa inshora ta musamman: Jamus a 1995, Japan a 2000, Koriya ta Kudu a 2008. Wannan aikin gwamnatoci da majalisu ne, kuma shirin shekaru goma na tsufa cikin lafiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana daga 2021 zuwa 2030 ya sanya samar da irin wannan kulawa cikin manyan ginshiƙansa huɗu. Amma abin da ya fi jan hankalina a tsarin Japan ba kuɗin ba ne, mutum guda ne: jami'in tsara kulawa, wanda yake zama da tsoho da iyalinsa ya rubuta musu tsari, ya haɗa su da masu hidima, ya kuma riƙa bibiya. Jamus ma ta mayar da samun shawara kan kulawa haƙƙi na doka tun 2009. A Amurka kuwa, jihohi da yawa sun yi dokar da ta wajabta wa asibiti ya rubuta sunan mai jinya a fayil, ya sanar da shi kafin sallama, ya kuma nuna masa ayyukan da zai yi a gida. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura mai tsada. Tsari yake buƙata da umarni daga sama.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Muna roƙon kowane asibiti ya ware ma'aikaci sananne, ko ma'aikacin jinya ko jami'in walwala, wanda aikinsa a rubuce shi ne tsara sallamar duk majinyacin da ba zai iya kula da kansa ba, kuma ya fara wannan aiki tun kwanakin farko na kwanciya, kada a jira sai safiyar da za a tafi. Muna roƙon a auna abin da majinyaci yake iyawa da abin da ba ya iyawa, a rubuta sakamakon da harshen da iyali suke karantawa, a haɗa da bayanin gaskiya kan abin da ake tsammani nan da wata shida ko shekara, a ba su su tafi da shi. A yi zama guda aƙalla wanda majinyaci zai kasance a ciki, a fara tambayarsa kafin kowa, sannan a tambayi wanda zai yi jinyar a keɓe, inda zai iya cewa "ba zan iya ni kaɗai ba" ba tare da jin kunyar dangi ba.

Muna roƙon kada a sa hannu a takardar sallama sai mai jinya ya gwada da hannunsa, a gaban ma'aikaci, duk abin da zai riƙa yi a gida: juyawa, da ɗagawa, da ciyarwa, da tsaftace robar fitsari ko ta abinci, da jera magunguna. A gaya masa alamomin da ba a jira da su, kamar ruɗewar da ta zo farat ɗaya, wadda a jikin tsoho takan zama alamar ciwon mafitsara ko wata cuta mai magani, amma iyalai da yawa sukan ɗauke ta gigin tsufa su yi shiru. A kuma faɗa masa kuɗin da ke gaba ba tare da rufa-rufa ba, har da na abubuwan da ba a lissafawa, irin su ƙunzugun manya da katifar da ke rage gyambo da kuɗin zirga-zirgar zuwa gashi, domin iyali su san abin da za su iya ɗauka kafin su yi alkawari.

Ga ma'aikatun lafiya da na walwala kuwa, muna roƙon ku tattara sunayen duk cibiyoyi da kamfanonin da ke tura masu kula gidaje, ku yi musu rajista, ku riƙa kai musu ziyarar bazata, ku wallafa sakamakon inda kowa zai gani, sannan ku raba wa asibitoci jerin da ake sabuntawa, wanda babu hannun masu neman kamisho a cikinsa. Ku samar da lambar waya guda da mai jinya zai kira idan abu ya rikice masa da tsakar dare. Ku wajabta wa asibitoci su kira ko su ziyarci irin waɗannan majinyata a cikin makon farko bayan sallama, su kuma riƙa ƙirga nawa ne suka dawo cikin kwana 30 da gyambon kwanciya ko karaya ko ciwon huhu, domin wannan adadi ne zai nuna muku asibitin da yake sallama da shiri da wanda yake sallama don kawai a samu gado. Idan za ku zauna tsara waɗannan matakai, muna roƙon ku gayyaci masu nakasa da tsofaffi da waɗanda suka yi jinya a gida su zauna tare da ku, kuma a shirye muke mu amsa kira duk lokacin da kuka neme mu.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Wata mai jinya a gida, a madadin 'yan'uwanta masu jinya da majinyatansu.